Rumbun Zamani Da Zafin Bazara: Jan Kunne Ga Masu Sayen Manyan Ma'adanan Kwamfuta

Akwai wani dattijo a wani ƙauye da ke gefen Dajin Falgore wanda ba na jin zan manta da shi muddin ina numfashi. Na same shi ne shekarun baya, lokacin da nake yawon tattara bayanai a kan karin harshen kudancin Kano, tsakanin ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Kwana uku muka yi a gindin wata tsamiya, shi yana magana ni ina naɗa: sunayen itatuwa da ciyayi, da ire-iren dawa da gero waɗanda yanzu an daina shuka su, da kalmomin mafarauta, da yadda ake gina rumbu tun daga duwatsun gindi har zuwa jinka. Ran da za mu yi sallama sai ya dubi 'yar na'urar da ke hannuna ya ce, "Malam, wannan abin naka gara ba ta cin sa?" Na yi dariya na ce, "Baba, ai wannan ya fi ƙarfin gara." Ya kaɗa kai ya ce, "To, Allah Ya sa. Ni dai ban taɓa ganin rumbun da ba shi da abokin gaba ba."

Da na dawo birni sai na juye dukkan abin da na naɗo a cikin wata ma'adanar kwamfuta irin wadda ake kira SSD. Ta gwanjo ce, amma mai shagon ya tabbatar mini cewa daga cikin manyan kwamfutocin wani kamfani na ƙasar waje aka ciro ta, saboda haka ta fi sababbi ƙarko. Na goge katunan naɗin domin in sake amfani da su, na jefa ma'adanar a akwati a wani ɗaki mai rufin kwano, hidimomin duniya suka ɗauke mini hankali. Bayan kusan shekara biyu da na jona ta, sai na tarar wani kaso mai yawa na abin da ke ciki ya ƙi buɗuwa, ciki har da hirar kwana ukun nan. Ina shirin komawa ƙauyen aka sanar da ni cewa Baba ya riga mu gidan gaskiya tun kakar bara. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Shi ne ya fi ni gaskiya.

Abin da ya sa na kawo wannan labari, mai karatu, shi ne ganin yadda ma'aikatunmu da makarantunmu da asibitocinmu suka shiga yayin sayen manyan kwamfutocin da ake kira uwar garke, waɗanda ke riƙe da bayanan ma'aikata baki ɗaya, kuma kusan duk ɗan kwangilar da ya zo, abin da yake fara tallatawa shi ne girman ma'adanar da saurinta. Tun bayan hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024 a kan 'yancin ƙananan hukumomi na sarrafa kuɗaɗensu, ana iya tsammanin wannan talla za ta isa sakatariyoyin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Riruwai. Ya kamata kafin a sa hannu a takarda a san abin da wannan na'ura ke iyawa, a kuma san abin da masu ƙera ta ba su taɓa yin alkawarin za ta iya ba.

Daga Tan Guda Zuwa Tafin Hannu

A shekarar 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da ma'adanar faifai ta farko. Faya-fayai 50 ne a cikinta, faɗin kowanne inci 24, nauyinta kimanin tan guda, amma abin da take ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba, wato kwatankwacin hoto ɗaya ko biyu na wayar hannu a yau. Irin wannan ma'adana tana aiki ne kamar garmaho: faifai yana juyawa, wani ɗan hannu yana kai da komo yana neman inda bayani yake. Jikokinta har yanzu suna nan, yawancin na ma'aikatu suna juyawa sau 7,200 a minti guda.

A shekarun 1980 wani injiniyan kamfanin Toshiba na ƙasar Japan, Fujio Masuoka, ya ƙirƙiro wata hanya ta daban, inda ake tsare cajin lantarki a cikin wasu 'yan mitsi-mitsin gurabe a kan ɓallin siliki, ba tare da wani abu mai motsi ba. Wannan ita ce fasahar da ke cikin katin waya da filas da kuma SSD. A 1991 kamfanin da daga baya aka sani da SanDisk ya sayar da wata mai ɗaukar megabayit 20 a kan kimanin dala 1,000. A 2013 Samsung ya fara ɗora guraben a kan juna kamar gidan bene, hawa 24, kuma zuwa 2022 masu ƙira sun haura hawa 200. Daga nan girma ya shiga ninkawa: Samsung ya fitar da mai terabayit 30.72 a 2018, Solidigm ya fitar da mai 61.44 a 2023, ya sanar da mai 122.88 a ƙarshen 2024, sannan Kioxia, wanda shi ne tsohon sashen ma'adanai na Toshiba, ya sanar da mai 245.76 a 2025. Duk wannan a cikin abin da bai fi tafin hannu ba da kaɗan.

Domin mai karatu ya gane girman, bari in auna masa da mudun sana'ata. Idan aka naɗi murya a bisa ingancin da gidajen adana tarihi ke buƙata, awa ɗaya tana cin kimanin gigabayit 2. Ke nan ma'adana guda mai terabayit 61.44 za ta ɗauki awa kusan 30,000, wato fiye da shekara uku ana magana dare da rana ba hutu. Da za a zaunar da kowane dattijo da kowace gwaggo a ƙananan hukumomin nan huɗu su faɗi abin da suka sani, da wuya a cika ta. Ta fuskar sauri kuwa, yayin da mai faifai ke amsa buƙatu ɗari ɗaya ko ɗari biyu a daƙiƙa guda, manyan SSD suna amsa fiye da miliyan. Shi ya sa bankuna da kamfanonin sadarwa ba sa iya rabuwa da su. Ko mu masu nazarin harshe, idan ana son koya wa kwamfuta jin Hausa, dole sai da irinsu. Babu wanda ya ce kayan banza ne.

Randa Mai Naso

To, amma ta yaya take riƙe bayani? A ɗauka kowane gurbi randa ce ƙarama, cajin lantarki kuma shi ne ruwan da aka zuba. A ƙirar farko tambaya ɗaya ake yi wa randar: a cike kike ko babu komai? Ko ta yi naso kaɗan, amsar ba za ta sauya ba. Da aka so ƙara yawan abin da ake ajiyewa ba tare da ƙara randuna ba, sai aka shiga auna zurfin ruwan: mataki 4, sannan mataki 8, sannan mataki 16. Mafi girman ma'adanan da ake talla a yau masu mataki 16 ne. A nan ɗan nason da bai taka kara ya karya ba ya isa ya sa a karanta mataki na tara a matsayin na takwas, bayani ya gurɓace.

Abu biyu ne ke ƙara nason. Na farko tsufa: duk lokacin da aka goge gurbi aka sake rubutu, bangon randar yana ƙara lalacewa. Masu mataki biyu kan jure gogewa har kimanin sau 100,000, masu mataki 8 kimanin sau 3,000, masu mataki 16 kuwa kimanin sau 1,000. Na biyu zafi: gwargwadon zafin wuri, gwargwadon saurin zurarewar cajin. Muddin ma'adanar tana jone da wuta, akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa a cikinta da ke zagayawa kamar uwargida mai lura da randunanta, tana gyara kurakurai, tana kwashe bayani daga gurbin da ya raunana zuwa mai lafiya. Da zarar an ɗauke wuta, uwargida ta yi barci, naso kuwa ba ya barci.

Ga inda gizo ke saƙa. Ƙungiyar JEDEC, wadda ke tsara ƙa'idojin irin waɗannan kayayyaki a duniya, ta fitar da ma'auni a 2010. A ƙarƙashinsa, ma'adanar kwamfutar gida da ta cinye adadin rubutun da aka ƙayyade mata, ana buƙatar ta riƙe bayani shekara guda babu wuta a zafin digiri 30 na ma'aunin Salshiyos. Ma'adanar ma'aikatu kuwa, wadda ta fi tsada nesa ba kusa ba, wata uku kacal ake buƙata daga gare ta, a zafin digiri 40. Wannan ba ha'inci ba ne. An ƙera ta ne domin ɗakin da wuta ba ta ɗaukewa kuma sanyi ba ya yankewa, inda ba a taɓa tunanin za a kashe ta a ajiye ba. Adalci ne kuma a faɗa cewa sabuwa, wadda ba ta sha rubutu ba, tana daɗewa fiye da haka sosai. Amma mai karatu ya tuna cewa a watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40 a inuwa, ballantana a cikin ɗakin kwano da aka kulle. Ya kuma tuna cewa wadda ake kawo mana gwanjo, an ciro ta ne bayan ta yi shekaru tana aiki ba dare ba rana. Ni da na sayi rariya, bai kamata in yi mamakin zubar ruwa ba.

Batun wuta kuma ba sai an yi wa ɗan Kano dogon bayani ba. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo lantarki. Wancan ya yi suna ne saboda ya shafi birane. A karkara, tiransifoma kan lalace a yi wata da watanni ba a gyara ba, ofis ya koma aiki da takarda, uwar garken da aka yi bikin buɗewa tana lulluɓe da ƙura a kusurwa. A nan dole in yaba wa ma'adanar ma'aikatu ta ainihi a kan abu guda: tana da wasu 'yan rumbunan caji a jikinta waɗanda ke ba ta damar kammala rubutun da ke hannunta idan wuta ta ɗauke ba zato. Yawancin na gida ba su da wannan. A ƙasa irin tamu, wannan kaɗai ya isa dalilin ƙin yarda a cusa ta gida a cikin uwar garke. Sai dai kariya ce ta ƙiftawar ido, ba ta bazara guda ba.

Abin Da Za A Rasa

Wani zai ce, wane bayani ne ƙauye ke da shi har da za a damu? Ya tambayi duk wanda ya taɓa shari'ar gona. Takardun sayen filaye da rabon gado a kotunan shari'a, da iyakokin burtali da makiyaya waɗanda rashin tabbacinsu kan jawo zubar da jini tsakanin manomi da makiyayi, da rajistar haihuwa, da katunan marasa lafiya, da sakamakon jarrabawar ɗalibai, da tarihin aikin malamin firamare wanda fanshonsa ya dogara a kai: waɗannan su ne dukiyar talaka a hannun hukuma. Sannan ga abin da ba ya cikin kowace takarda. A Doguwa da Tudun Wada akwai masu magana da harshen Kurama, akwai Fulani da Fulfulɗensu, akwai Hausar karkara mai ɗauke da kalmomin da mai neman su zai wahala kafin ya same su ko a ƙamusun Bargery na 1934 ko a na Jami'ar Bayero na 2006. Tsohon masallacin Haɓe na Bebeji yana cikin jerin kayan tarihin ƙasa, ana iya ganin tsagewar bangonsa a yi yaɓe. Kalma kuwa ba ta tsagewa a gani. Ranar da mai ita ya kwanta dama, shi ke nan.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A ranar 2 ga Satumban 2018 gobara ta cinye Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Riyo di Janero a Brazil, kuma cikin abin da ya ƙone har da muryoyin da aka naɗa na harsunan 'yan asalin ƙasar, waɗanda wasunsu babu sauran mai magana da su. A watan Satumban 2025 batura suka kama da wuta a cibiyar adana bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon, aka rasa kimanin terabayit 858 na takardun ma'aikatan gwamnati. Dalilin da aka bayar na rashin kwafi shi ne wai bayanan sun yi yawa. Mai karatu ya dubi wannan da kyau: ƙasar Samsung ke nan, kuma girman rumbun shi ne ya zama sanadin asarar. Mu ma a gida, a zanga-zangar ranar 1 ga Agustan 2024 an fasa Babbar Kotun Jiha da ke Sakatariyar Audu Baƙo aka yi awon gaba da takardu, aka kuma wawashe cibiyar fasahar zamani da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta gina a Kano. Takarda ba ta tsira ba, kwamfuta ma ba ta tsira ba. Gwargwadon yadda aka tara komai a ma'adana guda, gwargwadon yadda ɓarawo ɗaya zai iya sa tarihin ƙaramar hukuma a aljihu ya fice.

Ina Mafita?

Manomin Ba'awa ya riga mu sanin amsar. Hatsin da za a ci yau yana cikin ƙwarya a tsakar gida, na shekara yana rumbu a kan duwatsu nesa da danshi da gara, iri kuma ana killace shi daban, wani lokaci ma a kai wani kaso gidan ɗan'uwa. SSD ita ce ƙwaryar tsakar gida. Kuskure ne a mai da ita rumbu, babban kuskure kuma a mai da ita ma'ajiyar iri.

Saboda haka, na farko, duk ma'aikatar da za ta sayi uwar garke ta bi ƙa'idar da masana suka daɗe da amincewa da ita: kwafi uku, a kan nau'in ma'adana biyu daban-daban, ɗaya daga ciki a wani gari. Aikin yau da kullum a kan SSD, kwafi na biyu a kan mai faifai wadda ta fi araha, na uku kuma a nesa. Manyan ma'aikatun duniya har gobe suna amfani da kaset na musamman domin ajiya mai nisa. Nau'in LTO-9 yana ɗaukar terabayit 18, kuma masu ƙera shi sun ce yana iya kai wa shekara 30 idan aka ajiye shi a wuri mai sanyi.

Na biyu, ba kowace sakatariya ce ke buƙatar tata uwar garken ba. A watan Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe cibiyar adana bayanai ta kamfanin gwamnatin tarayya, Galaxy Backbone, a birnin Kano, wadda aka tsara a bisa mataki na huɗu, mafi girma a ma'aunin irin waɗannan cibiyoyi. Abin da hankali zai ɗauka shi ne gwamnatin jiha ta yi wa ƙananan hukumomi 44 ciniki guda a irin wannan wuri, kowace ta riƙe ƙaramar na'ura mai aiki da hasken rana domin hidimar yau da kullum. Ga kuma madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, inda jiha ta gina tashar lantarki mai megawat 10. Idan ana neman wurin ajiye kwafi na biyu a wajen birni, ina ya fi kusa da ruwa da wuta?

Na uku, a koya wa jami'an saye tambayoyi biyar kafin su sa hannu. Sabuwa ce ko ta gwanjo? Kashi nawa na rayuwarta ta cinye, tunda ita da kanta tana riƙe da wannan lissafi kuma ana iya dubawa cikin minti biyu? Tana da kariyar ɗaukewar wuta? Garantin shekara nawa ne, kasancewar na ainihi yawanci shekara biyar ake bayarwa, kuma wa za a kama idan ta mutu? Wane ne zai riƙa gwada dawo da bayanai daga kwafi, kuma sau nawa a shekara? Waɗannan tambayoyi sun ƙara zama wajibi a yanzu, domin tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 ta haura 1,500 a 2024, sannan a ƙarshen 2025 farashin ma'adanai ya tashi a duniya saboda wawason da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka yi musu. Idan kaya ya yi tsada, gwanjo da jabu ne ke cika kasuwa, araha kuwa ba ta ado.

Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, a ɗauki mutum. Na'ura ba ta riƙon amana, mutum ne ke riƙewa. A kasafin kuɗinmu akan ware miliyoyi domin sayen kaya, ba a ware ko sisi domin albashin wanda zai kula da su da kuɗin batir da na gyara. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin kiyaye su daga ɓata da lalacewa, kuma wannan alhaki bai tsaya ga bankunan Legas ba.

Ga 'yan uwana malaman jami'a kuma, mu fara da kanmu. Ɗalibai nawa ne suka naɗo muryoyin dattawa domin kundin digiri, aka ba su sakamako, muryoyin suka bi filas suka ɓace? Ya kamata kowane sashen harsuna da na tarihi ya shar'anta cewa ba za a karɓi kundi ba sai an miƙa abin da aka naɗo ga ɗakin karatu, shi kuma ya aika kwafi zuwa wata cibiya kamar Gidan Arewa da ke Kaduna.

Tarihi ya nuna cewa Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, lokacin da aka buɗe reshen banki a Kano a 1929, ya kai kuɗin azurfa lodin raƙuma ashirin ya ajiye. Ba ɗakin ajiya ya rasa a gidansa ba. Ya gane ne cewa dukiya idan ta yi yawa tana buƙatar masu gadi da littafin lissafi da wanda za a tuhuma in ta ɓata. Shekara kusan ɗari bayan haka, jikokin garinsu suna iya sa abin da ya fi lodin raƙuma dubu na takardu a cikin aljihun riga, amma darasin bai sauya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni na koyi nawa darasin da muryar wani bawan Allah wadda ba za ta dawo ba; fatana kada wata ƙaramar hukuma ta koyi nata da takardun gonakin marayu.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya sa mu dace, amin.